Gayyar Muryoyi

Abu na farko da kamfanin Tsirowa ya kawo wa sashen kwamfuta shi ne allo. Kafin laftof, kafin sola, kafin komai, allon ne ya iso daga Abuja a bayan a-kori-kura, aka kafa shi a bakin sashen, ya fi ƙofar faɗi. A jikinsa an zana hannu biyu suna musabaha a kan zangarniyar dawa, a ƙasa an rubuta cewa jami'a da masana'antu sun ƙulla zumunci don gobe. Ɗalibai ba su ɓata lokaci ba wajen gano amfaninsa: yana da inuwa.

Jami'ar ta kuɗi ce, sabuwa, a bayan garin Zuru, kuma kwamfutocin sashen kan yi aiki duk ranar da wuta ta tuna da su. Saboda haka da shugaban sashe ya sanar cewa kamfanin zai ɗauki nauyin furojet ɗin wasu 'yan ajin ƙarshe, wato aikin da ɗalibi ke yi ya kare a gaban malamai kafin a ba shi digiri, sai aka yi ta tafi kamar an yi ruwan farko.

Theresa Markus ba ta yi tafi sosai ba, amma ta so a zaɓe ta, kuma an zaɓe ta. Tun kafin a san da wani Tsirowa take ɗauke da dabararta. A Manga, ƙauyensu, in tsutsa ta faɗa wa masara, shawarar da ake samu ita ce ta rediyo, da Hausar Kano, ko ta waya, da Turanci. Tsofaffin Manga suna jin Hausa daidai ciniki da gaisuwa, amma ciwon gona da C'lela suke faɗinsa, harshen da suke zagi da addu'a da shi. Abin da Theresa ke so ta gina shi ne manhajar da manomi zai danna, ya faɗi abin da ke damun gonarsa da harshensa, ita kuma ta gane, ta amsa masa da shi.

Wakilin kamfanin wani saurayi ne mai suna Success, mai matsattsiyar kwat da agogon da ke lura masa da bugun zuciya. Bai ɓoye komai ba, kuma wannan ne ya fi ci wa Theresa rai daga baya. Ya tsaya a gabansu ya ce kamfani zai ba da laftof, da waya, da data, da wurin ajiyar aiki a rumbunsa na intanet. Duk abin da aka gina mallakar kamfani ne. Wanda ya fi ƙwazo kuma, aiki na jiransa a Abuja. Theresa ta ji, ta gane, ta sa hannu. A tunaninta mai kaya sayarwa yake yi, kuma sayarwar take so, don ta haka abin zai kai hannun manoma. Bai zo mata a rai ba cewa mutum na iya mallakar abu don kawai ya zauna a kansa.

Mai duba aikinta, Dakta Kamalu, mutumin kirki ne wanda ba a taɓa jin ya ƙarasa magana a gaban shugaban sashe ba. Ya ce mata ta gode wa Allah, irin wannan dama ba ta zuwa Zuru sai ta ɓata hanya.

Da ta kai labarin gida, mahaifinta, Saja Markus, tsohon soja da ya dawo noma da gwiwa mai ciwo, yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ai wannan golmo ne. Shi ma ya yi: shekaru yana noma gonar surukinsa tare da sa'o'insa, hatsin na suruki, tsamin jiki nasa, a ƙarshe aka ba shi uwar Theresa. Ya ce tsari ne mai kyau, in dai surukin mutum ne.

"To shi wannan naku, an san gidansu?"

Ta ce suna da ofis a Abuja. Ya ce ba ofis ya tambaya ba.

Wahalar aikin ba a kwamfuta take ba. Na'ura ba ta san C'lela ba, kuma ba ta koyo sai an ɗura mata muryoyi, na maza da na mata, na masu haƙora da marasa su. Theresa ta fara bi gida-gida da wayar kamfani. Wasu da suka ga waya sai suka koma magana kamar suna gaban alƙali. Wasu suka yi gaisuwa suka fashe da dariya. Wata gwaggonta ta rera waƙar coci daga farko har ƙarshe, ta ce a kai wa mutanen Abuja su ji. Makonni suka wuce, Theresa ba ta tara abin da zai koya wa na'ura bambancin tsutsa da ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ba.

Saja Markus ya duba abin, ya ce aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya ai gayya ake kira masa. Ya aika gida-gida kamar yadda ake yi in gona ta fi ƙarfin mai ita. Aka jiƙa dawa, aka dafa burkutu don masu sha, aka dama kunu don waɗanda ke zama kusa da fasto, aka yanka akuya. Bayan an gama girbi, mutane suka taru a gindin ɗorawar ƙofar gidansa. Wasu ma da fartanya suka zo, don ba su yarda akwai gayyar da ake yi da baki ba.

Da ciki ya ɗauka, bakuna suka buɗe. Theresa ta kifa turmi ta zauna da waya a hannu, mutane suka yi layi. Kowa ya zo ya faɗi ciwon gonarsa, na bayansa suna gyara masa, wani lokaci gardama ta kaure a kan ko ganyen ja ya yi ko rawaya, ita kuwa tana ɗauka duka. Wanda ya fi kowa daɗewa shi ne tsoho Dodo, maƙwabcinsu, wanda ƙuduji ya daɗe yana cinye masa dawa. Bai bayyana ƙuduji ba, zaginsa ya yi, tun daga furensa mai kwalliya kamar 'yar birni har saiwarsa da ke tsotsar dawa a ɓoye, ya haɗa da uwarsa da kakarsa. A cikin zagin nan akwai duk abin da na'ura ke buƙata.

Da ya gama, ya kara kunne a wayar. Bai ji komai ba.

"Rashin ladabi ne, ko kurma ce?"

"Sai ta koya tukuna, Kaka."

Saja Markus, wanda bai zauna kusa da fasto ba, ya miƙe a gaban jama'a ya ce ranar da 'yarsa za ta kare aikinta, duk mai so ya zo jami'a ya ji wayar nan tana amsa masa da bakin Manga, daga nan kuma ta shiga aljihun kowa. Shi Markus ne ya faɗa. A wajen gayya ba a sa hannu a takarda. Mai gona ya faɗa, mutane sun ji, shi ke nan.

Theresa ta shafe rani a gaban laftof. Ta rubuta kowace magana da aka yi a gindin ɗorawa, ta yayyanka, ta ɗura, na'ura ta yi shirme, ta sake. Idanunta suka yi ja, ƙawayenta suka daina kiranta biki. Wata rana da tsakar rana, a ɗakin kwamfuta da solar kamfani ke haskawa, ta kunna zagin Dodo. Manhajar ta yi ɗan jim, sannan ta ce, da C'lela mai ɗan karkata kamar ta yaron da ya girma a bariki, wannan ƙuduji ne, a tuge shi kafin ya zubar da iri, baɗi a sa gyaɗa ko waken suya a gonar. Theresa ta rufe baki da hannu. Dakta Kamalu, wanda ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshen, ya sa ta sake kunnawa, yana gyaɗa kai kamar an karanto masa sunansa a jerin ƙarin girma. Ta aika wa Success, ya amsa da ɗan hoton wuta da na hannu mai tafi.

Ana saura 'yan kwanaki a kare aiki, ta buɗe laftof da safe, rumbun ya ce bai san ta ba. Ta sake buga kalmar sirri a hankali. Bai san ta ba. Wayar kamfani ma ta kulle kanta. Komai yana can: muryoyin, da manhajar, da aikin rani guda, domin tun farko an tsara duk abin da aka ɗauka ya wuce rumbun kai tsaye, don kada ya ɓace.

Success ya ɗauki kiranta da fara'a. Ya ce ba matsala ba ce, albishir ne ma. Wasu masu zuba jari daga waje sun nuna sha'awa, lauyoyi kuma sun ce kada a nuna wa kowa komai sai an gama magana. Ta tambaye shi yaushe za a gama. Ya ce irin wannan magana ba a sa mata rana. Ta tambaya, to in an gama, yaushe manhajar za ta isa Manga. Nan ya ɗan yi tari, ya ce gaskiya da Hausa da Turanci za a fara, don masu C'lela ba su kai kasuwa ba. Amma kada ta damu, muryoyin suna da daraja ƙwarai, su ne ma suka burge baƙin, domin ba kowane kamfani ke da harshen da ba wanda yake da shi ba.

"To me zan nuna ranar?"

"An haɗa miki hotunan bayani masu kyau, 'yar'uwa. Ke dai ki yi magana. Aikinki na Abuja yana nan, kada ki ɓata shi da kanki."

Ta kashe wayar. Ba asarar ta fi ƙona ta ba. Da ɓarawo ne ya fasa ɗaki ya ɗauke laftof, da ta san wanda za ta tsine wa. Wannan kuwa ya gaya mata tun ranar farko, a fili, a gaban shaidu, ta kuma ce ta gode.

Dakta Kamalu ya ce zai yi wa shugaban sashe magana, kuma ya yi, har rabin jimla. Shugaban ya tuna masa da solar da ke kan rufi, da laftof ɗin sauran ɗaliban, da allon. Ya ce an riga an fahimtar da mai jarrabawa na waje halin da ake ciki. Dakta Kamalu ya dawo ya gaya mata, ƙasa-ƙasa, cewa za ta ci, da maki mai kyau ma. Abin da ake so kawai ta yi haƙuri ta bi layi. Digiri dai digiri ne, ba a rubuta a jikinsa ko an ga aiki ko ba a gani ba.

Ta kira mahaifinta ta ce kada ya zo. Ya tambaya ko an ɗaga ranar ne. Ta ce a'a, ta yi masa bayani. Ya saurara har ta gama. Sannan ya ce shi bai iya janye magana ta waya ba. A gaban mutane ya faɗa, in ƙaryata shi za a yi, a yi a gaban mutane.

Allah ya rufa asiri, ruwa ya sauka a makon, Manga duka ta tafi shuka. Mutum biyu kawai suka zo, a kan acaɓa ɗaya: Saja Markus cikin tsohuwar kwat da lambobinsa na soja a ƙirji, da tsoho Dodo cikin rigarsa ta zuwa jana'iza. Suka zauna a bencin baya, Dodo ya jingina sandarsa da bango, ya gyara kunne.

Mai jarrabawa na waje, Farfesa Nasiruddeen, ya zo ne daga wata tsohuwar jami'a ta can wajen Sakkwato, kuma an san shi da kayar da ɗalibi a kan waƙafi. Sai dai ranar yana so ya bar Zuru kafin la'asar, don hanyar ba a bin ta da yamma, direbansa kuma ya riga ya juya mota tana kallon ƙofa. Ɗaliban Tsirowa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya tsaya gefen farin bango, hotuna suka bi ta kansa, tambarin kamfani, taswirar Najeriya, kibiyoyi masu hawa sama, ya faɗi abin da aikinsa zai yi da za a ga aikin, aka tafa masa. Success ne ke danna hotunan daga nasa laftof ɗin a layin gaba, don ko su ba a yarda a bar wa ɗalibai ba.

Aka kira Theresa. Ta fara magana. Ta faɗi matsalar, ta faɗi yadda aka tara muryoyi, ba ta ce gayya ba, don hoton da ke bango ya ce tattara bayanai daga al'umma. Success ya danna. Sai ga fuskar Dodo ta cika bango, baki buɗe a tsakiyar zagin kakar ƙuduji, a ƙasa an yi rubutu da Turanci da manyan baƙaƙe. Ita ma ba ta taɓa ganin hoton ba. Daga wayar aka ciro shi.

Daga bencin baya aka ji Dodo yana tambayar Markus, da muryar wanda ya saba magana daga wannan gona zuwa waccan, me aka rubuta a ƙarƙashin haɓarsa. Markus ya fassara masa: sun ce sun ba marasa murya murya.

"Tambaye su wa ya ba wa," in ji Dodo.

Bai jira a tambaya ba. Ya ɗauki sanda, ya tako har gaba, ya tsaya a gaban lasifikar da ke gefen tebur, don a ganinsa nan ne bakin abin yake. Ya gaishe ta da C'lela, ya gaya mata shi ne Dodo na Manga, sun yi magana bayan girbi, ga shi ya shuka dawa a gonar nan dai, me zai yi wa ɗan banzan nan kafin ya fito. Sannan ya karkata kai yana jira. Lasifikar ta yi ta hucinta. Wasu ɗalibai suka fara dariya, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Shugaban sashe ya taso da murmushi, ya kama gwiwar hannun tsohon, ya ce Baba a zauna, an gode, an gode ƙwarai.

Theresa ta kalli bencin baya. Mahaifinta yana zaune a miƙe, hannu bisa gwiwa, yana kallon bango sama da kan kowa, kamar ranar fareti.

Farfesa Nasiruddeen ya yi mata tambayoyi marasa nauyi, ta amsa. Ya duba agogo, ya yi rubutu, ya ce madalla, aiki ya yi kyau, ya ba ta maki na sama. Aka tafa. Dakta Kamalu ya saki numfashi har takardun gabansa suka motsa. Abin da ya rage mata shi ne ta ce ta gode, ta koma ta zauna. Maimakon haka ta dubi farfesan.

"Yallaɓai, wane aiki ne ya yi kyau?"

Tafin ya mutu. Farfesan ya ɗago kai.

"Mi kinka ce, ɗiyata?"

"Na ce me ka gani da ka ba ni maki? Ni da na yi shi ma an hana ni gani."

Da ƙarya ta yi masa, da ya yafe, ya saba. Amma a tuna masa da ko shi wane ne a gaban ɗalibai masu waya a hannu, wannan ba ya yafuwa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce gaskiya ta faɗa. Ya ja layi a kan makin da ya rubuta, a hankali, yadda kowa zai gani.

"Wanga aiki ban gan shi ba. Abin da ban gani ba kuwa, ba ni sa mishi hannu."

Shugaban sashe ya fara cewa ai sauran ma haka ne, sannan ya ji abin da yake faɗa, ya haɗiye. Farfesan ya ce sauran ba su tambaya ba. Saboda haka sauran suka ci, Theresa za ta maimaita furojet a zango mai zuwa, shi kuma ya bar Zuru kafin la'asar da mutuncinsa cikakke.

A waje, Dakta Kamalu ya tare ta, idonsa kamar zai yi kuka, ya ce kiris ya rage ta zama mai digiri, me ya kai ta, su wa ta taimaka da wannan. Ta kau da kai. Success ya zo da murmushinsa, ya ce kamfani ba ya riƙe kowa a zuciya, sai dai ba ya iya ɗaukar wanda bai iya aiki da jama'a ba. Ya ce ta maido da laftof da waya, kada ta manta caja.

Saja Markus ya same shi a inuwar allon. Ya tsaya dab da shi, ya ce masa a wajensu surukin da ya ci aikin golmo ya hana abin da aka yi alkawari, ba a faɗa da shi, gidan ubansa ake zuwa da dattawa. Ya ce yana so a kwatanta masa gidan uban kamfanin. Success ya ce ya fahimci damuwar Baba ƙwarai, ya zaro ɗan kati mai sheƙi daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce a aiko da saƙo ta nan, akwai masu dubawa. Markus ya juya katin gaba da baya, ya miƙa wa Dodo. Dodo ya kankare taɓon takalminsa da shi.

Sai da ta koma Manga a ƙarshen mako suka yi magana. Ta same shi yana wasa fartanya a dutse. Ta ce ba su ƙwace mata kai ba; abin da ta gina sau ɗaya za ta sake ginawa, da tsohuwar kwamfutar sashe in ta kama, ba tare da tallafin kowa ba. Muryoyi ne kawai babu. Ta roƙe shi ya sake kiran gayya.

Ya ajiye fartanyar. Ya ce ba a kiran gayya sau biyu a gona ɗaya kafin a rama ta farko. Mutane sun bar aikinsu sun ba da yini guda, an yi musu alkawari, an tashi da hoton Dodo a bango. Akuya da burkutu ba biya ba ne, abinci ne. Gayya da gayya ake rama ta: wanda ya zo gonarka, ka je tasa. Shi ya kira, amma gonar ba tasa ba ce, kuma gwiwarsa ba ta iya noman kunya biyu. Duk gidan da ya yi magana a gindin ɗorawa, za ta je ta yi masa noma a daminar nan. In an yi girbi, in sun ga dama, sa zo.

"Baba, ni aka cuta fa."

"Na sani. Su ba kamfani suka zo wa ba."

Ta so ta ce ta yi karatun kwamfuta ne don kada ta riƙe fartanya. Ta so ta ce shi ne ya miƙe ya yi alkawarin da ba ta sa shi ba. Ya riga ya miƙo mata wadda ya gama wasawa, da ƙotar da ya gyara ranar da ta kawo labarin Tsirowa.

Abokan ajinta suka sa rigar kammalawa, suka ɗauki hoto a gaban allon, suka turo mata. Ita kuwa ta bi gonakin Manga ɗaya bayan ɗaya. Tafin hannunta ya yi ƙuraje, suka fashe, suka yi kanta. Ba wanda ya ce mata ta bari. Matan sukan kawo mata ruwa, su tambaye ta ko wayar ta warke daga kurumtar, su yi dariya, su nuna mata inda ta bar ciyawa. Gwaggonta mai waƙar coci ta ce ita dai tana fatan mutanen Abuja sun ji daɗin waƙar.

Gonar Dodo ta zo a lokacin maimai, wato noma na biyu, dawa ta kai ƙugu, ƙuduji ya fara leƙowa a gindinta. Tsohon ya zauna a kan tushen kaɗanya yana lura da ita. A gonar da ke maƙwabtaka wani ya rataye rediyo a reshe, bayan labarai sai ga talla, da tatacciyar Hausar Kano da kiɗa a ƙasa: manomi, faɗi damuwarka, Tsirowa na saurare.

Theresa ta kai sara da ƙarfin da ya wuce na ciyawa, ta datse karan dawa lafiyayye. Dodo ya miƙe. Ya fara da ita, ya ce jami'a ta koya mata kashe abin da ƙuduji ya bari. Daga nan ya hango furen farko a gindin wani kara, ya manta da ita, ya koma kan tsohon abokin gabarsa, daga fure zuwa saiwa, da sababbin zage-zagen da bai yi ba a gindin ɗorawa, har da wani kan yadda ganyen dawa ke naɗewa kafin a ga ɗan banzan a sama, abin da ba ta da shi a waccan manhajar.

Ta sa hannu a ɗaurin zane ta zaro wayarta, tata ta kanta, mai fasasshen gilashi.

"Kaka, in ɗauka?"

Ya dube ta, ya dubi wayar, ya dubi kunyar da ta rage har bakin gona.

"Gama kunyar tukuna."

Ta mayar da wayar, ta tofa yawu a tafin hannu, ta duƙa. Yana bayanta yana ta zagi, kowace kalma tana tafiya a iska a banza, ita kuma tana sara tana maimaita su a ranta don kada su ɓace kafin ta kai ƙarshe.